Etek Asnimar da Takalman Bakin Ƙofa

Etek Asnimar, wato goggo Asnimar a yarenmu, ba ta duban fuskar mutum sai ta gama duban ƙafarsa. Shekara talatin da ɗoriya ta yi tana gyaran takalma a kasuwar garinmu Payakumbuh, a rumfar da mijinta ya rasu ya bar mata, daf da inda muke ɗaure dawaki lokacin ina sana'ar keken doki. A nan na san ta. In ka miƙa mata takalmi, sai ta kifa shi a tafin hannu ta ce, "Kai kana jan ƙafar hagu, kuma kana ɓoye wa matarka." Ko ta ce, "Wannan dai bai san hanyar masallaci ba, ko ruwan alwala bai taɓa jiƙa shi ba." A yi dariya, mai takalmi ya sosa ƙeya.

Yaya ɗaya gare ta, Marjohan. Tana 'yar shekara tara ya tafi birnin Medan neman arziki, kamar yadda samarinmu ke yi. Ranar tafiyar ya sa sabon takalmi, ya bar tsohon a gindin matakalar gidansu. Uwarsu ta hana kowa ɗauke shi. In za a yi shara sai a zagaye shi, har ruwan sama da rana suka cinye shi a wurin. Marjohan ya yi aure can, yana sayar da yadi a bakin titi, arzikin bai zo ba. Kunya ta hana shi dawowa hannu rabbana. Ko da uwar ta rasu, wasiƙa ce ta zo a madadinsa. Asnimar ta girma, ta yi aure, ta haihu, ta yi furfura, amma duk motar Medan da ta tsaya a tasha sai ta ɗaga kai daga ɗinkinta.

Bayan shekara hamsin da huɗu aka kawo mata shi. Matarsa ta rasu, shi kuma ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. A wajenmu gida na mace ne, namiji in ya rasa mata sai gidan uwarsa. Dangin matar suka sa shi a mota har ƙofar gida. Gidan irin na da ne, na katako, a bisa ginshiƙai, matakala bakwai. Maza biyu suka ciccibe shi za su hau da shi, sai ya fashe da kuka.

"Ku sauke ni! Da ƙafata na sauka daga gidan nan. Ba za a shigar da ni kamar buhun shinkafa ba."

Ba irin lallashin da ba a yi ba, ya ƙi. Sai ta shimfiɗa masa a ɗakin girki da ke ƙasa, a bayan gida. Likita ya ce mata ƙafar za ta iya dawowa in ana tattaka shi kullum, in kuwa aka bar shi kwance, to shi ke nan. Ta gwada. Ita ma gwiwa ta ƙi, 'ya'yanta mata biyu kuma suna can Batam wajen aiki. Ranar da suka faɗi tare, ita a ƙasa shi a kanta, ta zauna ta yi tunani. Ta san abin da za a ce: ƙanwa ta kai yayanta gidan tsofaffi, ga gidan uwarsu a tsaye. An kuwa faɗa. Ta toshe kunne, ta fara yawon duba gidaje. Abu ɗaya take nema, wurin da za a riƙa tattaka shi har ya hau matakalar nan da kansa.

Ni a lokacin na shekara shida a gidanmu na tsofaffi, a gindin dutsen Sago. Mu ashirin da shida ne, masu kula da mu uku. Ranar da Etek ta zo, ta yi rashin sa'a, ta haɗu da ranar da jami'an gwamnati ke zuwa duba mu. Mu dai masu duba-gari muke ce musu. Kwana uku ana shiri. An shafa fenti, an sauya zanen gado. Shugabar gidan, Ibu Zurniati, Ibu ɗin kamar a ce uwa ne, ta dubi silifas ɗinmu a bakin ƙofa, wani an ɗaure da waya, wani rabin dunduniya babu, ta ce wannan abin kunya ne. Ta sayo sababbi, shuɗɗa, duk iri ɗaya, ta jera su reras. Tsofaffin aka tattara a buhu aka kai bayan ɗakin girki, za a ƙona. Aka ce kowa ya sa rigar Juma'a ya zauna bakin gadonsa.

Inyiak Bustamam, wato kaka Bustamam, maƙwabcin gadona, wanda bakinsa bai tsufa ba, ya ce, "To, yau mu ne angwaye. Yelmi, ina amaren?"

Yelmi ita ce mai kula da ɗakinmu. Ta ce, "Inyiak, sa haƙoranka tukuna, kar amarya ta gudu."

Masu duba-gari suka zo su uku da takardunsu. Suka ƙirga gadaje, suka leƙa bayi, suka buɗe akwatin magani. Ɗaya ya sunkuyo ya yi mini ihu a kunne, "Kuna samun abinci?" Na ce muna samu. Ya rubuta. Suna cikin haka na hango Etek ta taga, da lema a hammata. Ibu Zurniati ta tare ta da fara'a.

"Shigo mana, Etek, kin zo a daidai. Zo ki ga ɗakuna, ki ga katifu."

"Ina zuwa, Ibu."

Ta durƙusa a bakin ƙofa da ƙyar. Ta ɗauki silifa ɗaya ta kifa. Ta ɗauki na biyu, na uku, har ƙarshen layi. Ko ƙura babu a ƙasansu. Ta mayar da kowanne inda yake, ta dafa bango ta miƙe.

"Na gode, Ibu. Gida ya yi kyau."

"Ai ba ki shiga ba!"

"Na gani."

Ta buɗe lema ta kama hanya. Na san abin da ta karanta: gida ne da ba a fitar da kowa, tsofaffi na kwance kamar kayan ajiya. Alhali kullum da safe Yelmi sai ta fitar da mu ɗaya bayan ɗaya, har bakin gonar shinkafa mu dawo. Na so in kira ta, amma ni maganata sai ta yi kwana a ciki kafin ta fito. Jami'ai suka ba mu yabo suka tafi.

Washegari na ce wa Yelmi kada a ƙona buhun. Na ba ta labarin Etek da karatun takalmi. Ta ce, "Ni ma na ce wa Ibu a bar su, ta ce za su zubar mana da mutunci." Ranar Asabar da za ta kasuwa sayen ganye, ta nemar mini izini, muka hau ƙaramar mota, buhu a cinyata.

Etek na ganina ta ce, "A'a, mai keken doki! Ashe kana nan? Na ɗauka doki ya daɗe da gadonka."

Na ce, "Kin duba na baƙi, Etek. Ga na masu gida."

Na zazzage buhun a gabanta. Ta gyara tabarau, ta fara ɗauka ɗaya ɗaya.

"Wannan yana jan ƙafar dama, kuma ana riƙe shi ta hagu, ga nauyin ya karkata. Wannan laka ce ta gona, ba ta tsakar gida ba. Wannan na wane mai surutu ne? Yana tsayawa yana juyawa a kan dunduniya."

Yelmi ta tuntsire da dariya. "Na Inyiak Bustamam ne. Duk taku goma sai ya juyo ya ba da labari."

Can Etek ta ɗaga wasu guda biyu da ba su ci ƙasa ba ko kaɗan. Fuskarta ta canza. "Wannan fa?"

"Na Inyiak Saridin ne. Shekara biyu bai tashi ba, ƙashin ƙugu ya karye. Juya shi muke yi."

"Sau nawa?"

"Ya kamata duk bayan awa biyu. Gaskiya, Etek, wani lokaci yakan kai uku, mu uku ne kawai. Ranar da ake ruwa kuma ba ma fita, a baranda muke zagayawa. Kifi ma sau biyu ne a mako."

Etek ta ajiye silifas ɗin. Ta ce, "Gidaje biyu na je kafin naku, ba wanda ya faɗa mini aibinsa ko ɗaya."

Duk da haka ba ta ce to ba. Ranar Litinin da hantsi muka fito tattaki, sai ga ta zaune a kan kunyar gona, ba ta gaya wa kowa za ta zo ba. Ta kalli yadda Yelmi ke sa kafaɗa a hammatar mutum, da yadda take jira ba ta ja. Ta shiga ta roƙi a nuna mata bayan Inyiak Saridin da dugadugansa, ta ga ba gyambo. Ranar Laraba ta kawo yayanta.

Ta zo masa da takalmi da ta ɗinka da hannunta, ƙasansa na tayar mota, mai kauri. Ta ajiye a bakin ƙofa, a tsakiyar shuɗɗan nan namu.

"Uda," ta ce masa, yadda muke kiran yaya namiji, "ranar da wannan ya huje, ranar zan zo in tafi da kai."

Ya dubi takalmin da bakinsa a karkace. "Da taya kika yi? Ke dai tun kina yarinya muguwa ce."

"Shekara hamsin da huɗu na jira ka. Kai ma ɗanɗana."

Duk Juma'a take zuwa, da ganyen rogo da madarar kwakwa a kwano, wani lokaci da soyayyen kifi da koren barkono, ta raba wa ɗakinmu duka. Amma ba ta sallama sai ta kifa takalmin ta duba. In ya ci ƙasa, ta shigo tana tsokana. In mako ya zo da ruwa, ta shigo shiru, ta zauna tana matsa masa ƙafa, suna tuna wane ne ya dasa bishiyar da ke bayan gidansu. Shi ya ce shi ne, ita ta ce uwarsu ce.

Wata rana Bustamam ya ji tausayinsa, ya ɗauki takalmin ya goga a siminti har ya gaji. Juma'a Etek ta kifa, ta ɗago kai.

"Wane ɓarawon ne? Siminti ba ya jan ƙafar hagu."

Bustamam ya ja bargo ya rufe kai, yana minshari da rana tsaka.

Marjohan ba mai yawan magana ba ne, shi ya sa muka shaƙu. Mukan zauna a baranda muna kallon dutse. Wani lokaci ya ce, "Matakalar gidanmu bakwai ce. Ta huɗu tana ƙara in an taka. Ko har yanzu tana yi?" In ce ban sani ba. Ya fara da taku biyar, ya kai bakin gona. Daga nan Yelmi ta fara kai shi matakalar ƙaramin masallacinmu, mai hawa uku, ya hau ya sauka, ya hau ya sauka.

Wata goma sha huɗu aka yi. Wata Juma'a Etek ta kifa takalminsa na hagu, ta zura ɗan yatsa ya fito ta ɗaya gefen. Ba ta yi tsokana ba. Ta zauna a dandamali riƙe da takalmin, ta daɗe ba ta shigo ba.

Yelmi ce ta raka su gida, ita ta ba mu labari. Ta ce ya tsaya a gindin matakala ya cire takalmin, ya ajiye a daidai inda ya bar na farko. Ya hana kowa taɓa shi. Etek ta riga shi hawa, ta tsaya a bakin ƙofa, hannuwa a baya don kada su miƙa kansu. Kafin ya kai sama, in ji Yelmi, da an ɗora shinkafa ta nuna. Ta huɗun ta yi ƙara, ya tsaya a kanta yana dariya, hawaye na zuba. Da ya kai bakin ƙofa ya leƙa ciki, ya yi sallama, amma ba ƙanwarsa ya kira ba. "Amak," ya ce, "na dawo." Etek ta amsa masa a madadin uwarsu, ta ce, "Shigo, ka yi dare a hanya."

Yanzu ta rufe rumfa, tana gida da shi. Shuɗɗan silifas ɗinmu sun tsufa, Ibu Zurniati kuma ta daina zubar da su ko masu duba-gari za su zo. Gurbin takalmin Marjohan na nan a bakin ƙofa, ba wanda ya sa nasa a wurin. Ranar Juma'a har yanzu nakan fito baranda da wuri in duba hanya, ko da na san ba mai zuwa da lema. In na gaji da dubawa, sai in sunkuya in kifa nawa. Dunduniyar dama ta kusa hujewa.