Daɓen Kawu a ɗakin goron Hajiya

Ina shiga gidanmu na Djougou ranar Asabar, na tarar da Hajiya, kakata, zaune dirshan a ƙasa riƙe da ƙugu, buta ta mirgina gefe.

Kawu ne ya zo daga Parakou ya sa aka malale ɗakin goronta da rezin, daɓen nan mai ƙyalli marar gaɓa. Magini ya ce a haɗa da yashi don ya riƙe ƙafa, Kawu ya ƙi, wai zai ɓata hoto.

To goro kullum sai an yayyafa masa ruwa. Tsohon siminti yana shanyewa, wannan kuwa sai ruwan ya kwanta a kai, shi ne santsi ya kwashe Hajiya.

Ni ba na ɗaga ido gaban Kawu, amma ranar na ce, "Kawu, ka tambayi Hajiya kafin a zuba?"

Ya ce, "Me ta sani a daɓen zamani? Irin na asibiti ne fa."

Hajiya ta ce, "Ai saura kaɗan ka kai ni can, ɗan nan."

Ƙugun ya yi sauƙi, alhamdu lillahi. Yanzu an rufe ɗakin kaf da tsofaffin buhuna, ko Kawu ba ya ganin ƙyallin daɓen.

Ku masu shirin zuba irinsa, wa kuka tambaya, mai taka ɗakin ko mai ɗaukar hoto?