Ranar da na kira direbana ɓarawo

Shekarun baya, a farkon shekarun casa'in, ina koyarwa a wata firamare a Kagoro, na sayi tsohuwar a-kori-kura. Ni ban iya tuƙi ba, keke ma sai hanya ta yi fili nake hawa. Don haka na ɗauki direba, wani mutumin Nok da ya girme ni nesa ba kusa ba, mai mata da 'ya'ya huɗu. Shi ke kwaso citta daga ƙauyukan Jaba zuwa kasuwar Kafanchan, ni kuwa aikina in fito da yamma in zagaya motar ina harbin taya da ƙafa kamar na san wani abu.

A gidanmu motar ke kwana, ƙarƙashin mangwaro, ranar Lahadi kuma ba ta fita. Mahaifina yana tare da mu. Tsohon ma'aikacin reluwe ne da ya yi ritaya, amma hannunsa bai yi ba. Kullum yana cikin gyaran wani abu, ko da abin bai lalace ba.

Cikin wata biyu, sau uku direban ya ce in sayi man giya, mai kaurin nan da ake zuba wa haƙoran mota. Na farko na saya, na biyu na saya ina gunaguni. Kafin na uku wani abokin aikina ya riga ya hure mini kunne, ya ce man giya ba fetur ba ne, yakan shekara ba a taɓa shi ba. Da direban ya sake zuwa sai na ce ba zan saya ba. Ya ɗan tsaya kamar zai yi magana, sannan ya ce to.

Ba a yi sati uku ba motar ta fara kuka. Wani siririn kuka ne kamar na sauro a bakin kunne. Da ya taka totur sai ya tashi, da ya ɗaga ƙafa sai ya lafa. Ni da ilimina na littafi na yanke hukunci cewa fanbel ne, bel ɗin da ke juya fankar inji. Direban ya ce daga baya kukan yake fitowa, na ce a canza fanbel dai. Aka canza, kuka ya ƙaru.

Muka kai ta wurin wani bakanike a Kafanchan, dattijo ɗan asalin cikin gari, marar yawan magana. Ya tayar da ita a tsaye ya taka totur, shiru. Ya ce to ba inji ba ne, da inji ne ko a tsaye za ta yi. Muka ɗan zaga da ita, yana zaune a baya cikin ɓawon citta, ya karkata kai. Da muka dawo ya ɗage tayoyin baya da jak, ya sa aka saka giya, ya ɗora bakin dogon sukundireba a kan aksul, tukunyar ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, ya kara kunnensa a marikin. Ya kashe motar, ya kwance notin da ake zuba mai, ya zura yatsa. Yatsan ya fito a bushe, sai ɗan garin ƙarfe mai ƙyalli.

Ya haska ƙarƙashin da tocila, babu alamar yoyo ko ɗigo ɗaya. Amma notin ƙasa, wanda ake kwancewa a zubar da mai, yana ta sheƙi da sabon sawun sifana.

"Malam, man nan ba zuba ya yi ba," in ji shi. "Ɗibarsa ake yi."

Kaina ya ɗauki zafi. A gaban bakaniken da direbobin tasha da ke jiran gyara na juya na ce wa direbana ɓarawo. Na ce yana sayar da man, yana dawowa in sayi wani. Ya ajiye makulli a kan bonet, ya karkaɗe hularsa ya tafi. Kafin yamma labarin ya gama tasha, kuma kowa ya san direban da aka kira ɓarawo a can ba mai ba shi mota.

Haƙoran cikin aksul sun cinye, boris ɗin da ƙarfen ke juyawa a kai ya ƙone. Aka samo na hannu daga Jos, aka ɗaura, aka cika mai, kuka ya ɗauke ɗif. Wani abokina ya tuƙo mini ita gida, na dawo ina ganin kaina wayayye.

Lahadin da ta biyo na riga iyalina dawowa daga sujada. Ina shiga gida na hangi ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin mota. Na san takalman. Mahaifina ne ya fito da rarrafe, sifana a hannu ɗaya, gwangwanin madara cike da man giya a ɗayan.

Shi ko a jikinsa. Ya ce man yana da kauri, gara ba ta son sa, shi yake shafa wa ƙafafun rumbu da ƙyauren ɗaki, har maƙwabta na karɓa don akuyoyi masu ƙazuwa. Na tambaye shi tun yaushe, ya ce tun da aka sayi motar, kowace Lahadi in ya dawo daga sujadar safe.

"Ai ɗan kaɗan ne," ya ce. "A reluwe kowace safiya akwai mai bin ƙafafun jirgi yana cika mai. Ba haka direbanka yake yi ba?"

Da na gaya masa abin da ya faru, abin da na ɓoye masa don kada ya ce ban iya riƙe mutane ba, sai ya ajiye gwangwanin a hankali ya zauna a ƙasa. Can ya ce in kawo masa hularsa.

A ranar muka hau bas, muka ƙarasa Nok a kan babur. Mun iske direban yana shanya citta a tsakar gida. Mahaifina, da furfurarsa, ya nufi durƙusawa, direban ya yi wuf ya tare shi. Ya ce ai ya sani tuntuni, ya taɓa zuwa ɗaukar jak ranar Lahadi ya ga Baba a ƙarƙashin mota, shi ya sa yake cewa a sayi mai. Wannan ya fi gwangwanin girgiza ni. Na ce to me ya hana shi faɗa mini, ko a garejin nan?

"Malam, a gaban 'yan tasha zan ce babanka ne yana ɗiba?" Ya ci gaba da baza cittarsa. "Kuma ko na faɗa, tsakanin ni da Baba, da wanene za ka yarda?"

Na san amsar. Washegari na je tasha na tsaya a gaban direbobin na janye maganata, amma waɗanda suka ji zagi sun fi waɗanda suka ji ban haƙuri yawa. Direban ya yafe mini, sai dai bai sake karɓar makullina ba.

Yanzu na iya tuƙi, kuma daga ɗan kuka nakan gane na inji ne ko na baya. Amma har yau in na taka totur na ji wani siririn sauti, ba aksul nake fara tunawa ba. Ƙarar makullin nan a kan bonet nake ji.