Guɗar da Na Yi Kafin a Gama Kiɗan

Yayata ce mai guɗa a unguwarmu. In aka yi biki ko suna a layinmu ba ta je ba, sai ka ji mata suna cewa taron bai yi armashi ba. Takan kama hancinta da yatsu biyu, ta ɗan karkatar da kai, ta saki wata murya da ke tsallake katanga ta iske maza a zaure. Ita ta raine ni tun rasuwar mahaifiyarmu, ina 'yar mitsitsiya, kuma ita ta koya mini guɗar, tana yi mini tsiya wai tawa kamar an taka wutsiyar mage. Ranar da aka raka ni filin jirgi zan tafi karatu China, a gaban ma'aikata da matafiya ta rangaɗa ta, sai da na ja gyale na rufe fuska don kunya.

A shekarata ta biyu a Guangzhou ciwon ƙoda ya kwantar da ita. A daidai lokacin fasfona yana ofishin shige da fice, na kai a sabunta mini izinin zama kamar yadda kowane ɗalibi yake yi, kuma sai an gama ake ba ka abinka. Ba laifin kowa ba ne. Wannan ma ya fi ba ni haushi, don da akwai mai laifi da na samu wanda zan huce a kansa. In na je tambaya, matar da ke bayan gilashi takan duba na'urarta cikin ladabi ta ce mini "mei yo", wato babu, kalmar da na saba ji a bakin masu shaguna in kaya sun ƙare. Ban taɓa tsanar wata kalma kamarta ba. Abu ɗaya nake roƙon Allah safe da yamma: Ya bar mini Yaya da rai har fasfon nan ya fito in je in gan ta.

A duk garin mutum ɗaya ce ta san gidanmu, wata Hajiya 'yar kasuwa daga Kano, ƙawar marigayiya mahaifiyarmu. Takan zo sarin wandunan jins a Xintang da sauran tufafi a manyan kantunan Guangyuan Xilu, ni kuma in bi ta ina yi mata tafinta. Ban taɓa ganin Hajiya hannu rabbana ba. Kullum da ƙatuwar jaka a kafaɗa da wata a ƙasa tana ja, kuma ba ta taka ƙafarta inda babu ciniki. Ita ba ta zuwa wurin mutum, kai ne za ka same ta.

Wata ranar Alhamis sai ga kiran bidiyo daga gida. Na ɗauka, sai na ga Yaya a zaune, ta kafa ɗaurin ɗankwali, da kwanon ɗanwake a cinyarta. Matar da aka ce ko ruwa sai an ɗura mata!

"Auta, kin rame," in ji ta. "Ko shinkafar tasu ba ta karɓe ki ba?"

Sai na fashe da kuka.

"Ke dalla rufe mini baki. Ki kwantar da hankalinki ki yi karatunki. Guɗar aurenki tana nan na ajiye, ba wadda za ta riga ni."

Ranar na ci abinci har da ƙari, na wanke kayan da suka taru, na gaida mutanen da na daɗe ina wucewa ba sallama. Abokiyar karatuna, wata 'yar China mai shiru-shiru da ta sha ganina ina kuka a bayan laburare, ta ce tunda haka ne dole in raka ta sauraron kiɗa ranar Lahadi da rana, tana da tikiti biyu. Kiɗan Turawan da ne, in ji ta, wanda ya tsara shi ya mutu tun kafin a haifi kakanninmu. Da a wani makon ne da ko kallonta ba zan yi ba. Amma ina cikin murna, ko kallon kaji ta ce mu je zan bi ta.

Ranar Asabar da yamma na kira gida, mijin Yaya ya ɗauka ya ce tana barci. Ranar Lahadi muna cikin jirgin ƙasa na sake kira, lokacin gari ya waye a Kano, ya ce tana barci, likita ya ce a bar ta ta huta. Na ce madalla, barci ai magani ne. Ina ajiyewa sai ga kiran Hajiya.

"'Yar nan, ina kike yau?"

Na faɗa mata.

"To turo mini wurin. In an tashi ki jira ni a bakin ƙofa."

Na ce a raina ta sami wani mai shago da ya ƙi rage mata, tana neman bakina. Da muka isa wurin, na kashe wayar kamar yadda aka ce kowa ya yi, na jefa ta a jaka.

Da muka shiga ɗakin kiɗan na ga ikon Allah. Makaɗa sun cika dandamali maƙil, maza da mata, kowa cikin baƙaƙen kaya. Goge iri-iri, daga wanda ake maƙalewa a ƙarƙashin haɓa, zuwa wanda ake rungumewa tsakanin gwiwoyi, har wani ƙato da ya fi mai kaɗa shi tsawo. A bayansu masu sarewa da wasu abubuwa masu kama da algaita, sai masu ƙahonin tagulla suna walƙiya, can ƙarshe wani mutum a tsakiyar manyan ganguna kamar tukwanen biki. Suka fara ƙi-ƙi-ƙi kowa da nasa, na ce to, wannan ne kiɗan? Ƙawata ta toshe baki tana dariya, ta ce gyaran tsirkiya suke yi. Sannan ta ja mini kunne: kiɗan kashi huɗu ne, akan tsaya tsakanin kowane kashi, amma kada in tafa sai jagoran ya juyo.

Jagoran ya fito, wani dattijo da ɗan tsinke a hannu. Ba ya kaɗa komai, ba ya busa komai, kuma ya juya wa jama'a ƙeya. Na dubi masu sauraro: ba mai rawa, ba mai liƙi, ba 'yan amshi, ko tari mutum zai yi sai ya haɗiye. Na raɗa wa ƙawata cewa a garinmu irin wannan zama sai an yi rasuwa. Ta ɗora yatsa a leɓe.

Abin ya faro daga ƙasa-ƙasa, da ƙyar ake ji, wata busa mai kauri kamar nishin tsoho. Sai gogen suka karɓa, suna miƙa wa juna, na hagu su tambaya na dama su amsa. Can suka haɗu a kan wani sauti mai taushi wanda ban san lokacin da ya shige ni ba. Na saba da kiɗan da ke da waƙa, mawaƙi ya faɗa maka abin da za ka ji. Wannan ba ya cewa komai, amma sai na tsinci kaina a tsakar gidanmu da la'asar, kaina a cinyar Yaya tana yi mini kitso. Ina cikin haka, sautin ya yi ƙasa har ya kusa ɓacewa, sai duk makaɗan suka fashe gaba ɗaya, gangunan nan suka yi wata tsawa da ta ɗaga ni daga kujera. Na yi salati a fili. Daga nan sai faɗa, ƙahoni suna danne goge, goge suna yunƙurawa ana sake danne su. Na san wannan faɗan. Shi na yi makonni ina yi a ɗakina da waya a hannu.

Kashi na biyu rawa ce, amma rawar mai ɗingishi, irin tafiyar da Yaya ta koma yi da ƙafafunta suka fara kumbura, tana yi tana dariya wai yanga ce.

Sai na uku. Wannan kam ba a bar kowa a baya ba. Ya taso da sauri-sauri kamar yara an tashi daga makaranta, ya yi ta kumbura, ƙahoni suka shigo, mai ganguna ya zage damtse, wani ya ɗauko faya-fayan ƙarfe kamar murafan tukunya yana gwarawa. Dattijon nan da na raina sai tsalle yake yi, gumi ya jiƙa masa wuya. Ni kuwa abin da nake ji daban: Yaya ta tashi, ta ci ɗanwake, fasfo zai fito, zan sauka a Kano in same ta a bakin ƙofa. Kiɗan yana hawa ina hawa, har ya kai ƙololuwa, suka buga bugu na ƙarshe suka tsaya cak.

Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Na miƙe tsaye, na kama hancina, na callara guɗa. Ba irin ta mage ba, ta gaske, irin ta Yaya, doguwa mai karkarwa, ɗakin kuma an gina shi don ya ɗauki sauti, ya ɗauke ta ya zagaya da ita har sama. Wasu tsiraru da suka fara tafa hannu suka tsaya. Kawuna suka juyo. Wata ma'aikaciya ta hasko ni da ɗan jan haske, ƙawata ta finciko gyalena, kunnuwanta sun yi ja. Jagoran bai juyo ba. Ya tsaya da hannunsa a sama, yana jira guɗar tawa ta gama mutuwa.

Sannan ya sauke hannun, duk gogen suka yi kuka a tare.

Ban san yadda zan kira shi ba in ba kuka ba. Sautin yakan yunƙura zai hau, ya kasa, ya gangaro, ya sake yunƙurawa. Na zauna kunya tana cina, amma kafin wani lokaci kunyar ta tafi, wani sanyi ya maye gurbinta. Ashe mutumin da ya tsara kiɗan nan ya san abin da yake yi. Ya bar mu muka yi murna, muka ɗauka an gama, alhali ya ajiye wannan a gaba. Sai na tuna yadda tsofaffin unguwarmu kan yi shiru in aka ce mai jinya ya tashi ya nemi abinci, su ce Allah dai Ya sa na ɗorewa ne. Na tuna Yaya ba ta barcin rana, ko a kan gadon asibiti in ta ji muryata sai ta karɓe wayar. Na tuna muryar mijinta, da hayaniyar mutane a bayansa da sassafe. Na tuna Hajiya ta ce in jira ta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuma na san al'adarmu: ba a faɗa wa wanda yake shi kaɗai a nesa ta waya, sai a nemi babba a tura masa.

Wayata tana cikin jaka a kan cinyata, ban taɓa ta ba. Na so kiɗan ya yi ta tafiya har abada, don muddin ana yi ba wanda ya faɗa mini komai. Amma sai raguwa yake yi. Masu busa suka ajiye kayansu. Ƙananan gogen suka yi shiru. Ya rage manyan nan kawai, suna ja a hankali, a hankali, kamar numfashin da ake sa kunne a ji ko yana nan. Ban iya cewa ga inda ya tsaya ba. Ɗakin ya yi tsit, jagoran ya sunkuyar da kai ya daɗe. Da ya juyo, jama'a suka ɓarke da tafi, ni hannuwana suka ƙi ɗaguwa.

A waje rana tana nan da sauranta, ga zafi mai danshi, mutane suna ɗaukar hoto. Hajiya tana tsaye a gindin matakala. Ba jaka a kafaɗarta, ba ta jan komai, carbi ne kawai a hannunta.

Na ce, "Hajiya, yaushe?"

Ta dube ni ta ga ba sauran abin ɓoyewa. "Jiya da asuba, 'yar nan. An kai ta da hantsi. Sai haƙuri."

Wato lokacin da mijinta ya fara ce mini tana barci, dawowarsu ke nan daga maƙabarta. Lokacin da na yi guɗa kuwa ta riga ta kwana a kabari. Na durƙushe a kan matakalar. Hajiya ta zauna a ƙasa kusa da ni da tsadadden leshinta, ƙawata ta tsaya tana riƙe da jakata, ba ta san me aka ce ba amma tana kuka.

Fasfon ya fito a cikin makon. Matar bayan gilashi ta miƙo mini shi da hannu biyu tana murmushi, na karɓa na yi godiya. Ban san me zan yi da shi ba.

Har yau ina sauraron kiɗan nan, ni da ban san sunan kayan kiɗan ba sai da na laƙaba musu namu. Ban taɓa jin abin da ya kai shi kyau ba, kuma ina jin haushin wanda ya tsara shi kamar ya san ni. In an zo kashi na uku nakan ce yau zan tsaya a nan in kashe. Ban taɓa iyawa ba, don na san ba nan ne ƙarshen ba.

Bara aka aurar da babbar 'yar Yaya. Da aka fito da amarya, matan layinmu suka juyo gare ni, wata ta ce, "Auta, ke ce magajiyarta, yi mana." Na kama hancina da yatsu biyu, na karkatar da kai, na buɗe baki. Suka tsaya suna jira, amarya ma ta ɗago mayafi tana kallona. Ba abin da ya fito. Da jiran ya yi yawa, wata maƙwabciya ta yi tata, aka wuce da amarya mota.