Lungun da Zaren Baba Garga Ya Riƙe

Kafin masu shagunan yadi na Briqueterie, unguwarmu ta Yawunde da muke kira Brik, su ɗaga ƙofofinsu, Baba Garga ya riga ya share lungunsa. Lungun ba wani abin kallo ba ne, siririn fili ne tsakanin katangar gidan marigayi Alhaji Babba da bayan shagunan teloli, jar ƙasa da kwata a gefe. In ya gama shara sai ya fito da itatuwan masaƙarsa ya kafa a gindin katanga. Ya ɗauki damin zare ya yi ta tafiya da baya yana warwarewa har ƙarshen lungun, ya ɗaure shi a kunkuru, katakon nan da ake ɗora wa dutse don zaren ya miƙe. Sannan ya dawo ya zauna, ya saƙala yatsun ƙafa a igiyoyin takawa, ya yi bisimilla. Daga nan sai ƙarar ƙoshiyar jefa zare, ƙwas-ƙwas, har a kira azahar. In hadari ya taso, kun dai san ruwan Yawunde ba ya sallama, sai ya naɗe zaren ya rufe da leda ya jira. Ruwa na ɗaukewa ya sake shimfiɗawa.

Ni tela ne, ƙofar shagona na kallon bakin lungun. Da keken lantarki nake cin abinci, yadin da nake yankawa kuwa daga Sin da Dubai yake zuwa, ban ɓoye wa kowa ba. Amma tun ina saurayi nake kallon tsohon nan, kuma na gaji da jin mutane suna cewa saƙar hannu ta mutu, alhali ga ta tana ƙara a kunnena kullum. Yanzu da idanunsa suka sa ya fara ja da baya, na ga gara in faɗi abin da na gani tun yana iya jin ana karanta masa.

Daga wani ƙauye na wajen Garwa ya zo, da masaƙar ubansa a cikin buhu. Har yau Hausarsa da ƙamshin Fillanci, in ka kyauta masa "useko" zai ce maka, wato na gode. Alhaji Babba ne ya gan shi yana neman wurin da zai miƙar da zare, ya nuna masa bayan katangarsa ya ce, "Ga wuri nan, ka yi ta yi." Magana ce ta baki tsakanin dattawa biyu. Tun daga nan majanyin da matan Brik suke goyo da shi daga hannunsa yake fitowa, haka gwadon amare, haka farin zugun da wasu tsofaffi suke saya su adana, ba sai an faɗi na me ba.

Irin wannan saƙar ba a yin ta a ɗaki. Zaren tsaye yana bukatar doguwar ƙasa, masaƙi na saƙawa kunkuru na matsowa a hankali. Wannan shi ne duk abin da Baba Garga yake nema a duniya, tsawon lungu guda. A unguwar da ake kafa shago a kan kwata, wannan ba ƙaramin nema ba ne.

Baƙi sun fara zuwa ne ta hannun Salwa, 'yar unguwarmu da ta karanta harkar yawon buɗe ido. Takan kwaso su, Turawa da 'yan Duwala da ɗaliban jami'a, ta zaga da su shagunan atamfa da shadda, ta kai su wurin masu aikin wuyan riga, sannan ta ƙare da su a lungu. Ranar farko suna isowa kowa ya zaro waya. Baba Garga ya tsayar da ƙoshiya ya dube su.

"Salwa, gaya musu ni ba biri ba ne," in ji shi. "Mai son hoto ya cire takalmi ya zo ya zauna nan. Ya jefa ƙoshiya da hannunsa, sannan ya ɗauka."

Salwa ta fassara musu da Faransanci, amma ta haɗiye maganar birin. Haka dokar ta kafu. Kowane baƙo sai ya zauna, ya ji yadda ƙafa da hannu suke rigima da juna. Na ga wani ƙaton mutum mai kwat yana gumi kamar wanda ya ɗauko buhun masara daga kasuwar Mokolo, ƙoshiya ta kuɓuce masa ta faɗa kwata, Baba Garga na dariya har da hawaye. Doka ta biyu, ba a tsallake zare, ko wane ne kai sai ka zagaya. Ta uku ita ce wadda ta fi burge ni: abin da baƙo ya saƙa, komai karkacewarsa, ba a warware shi. Yana nan a jikin zugu. Na taɓa ce masa, "Baba, wannan ai ɓata kaya ne." Ya ce, "Mutum ya zo daga nesa ya sa hannunsa, in goge shi kamar bai zo ba? A'a." Irin waɗannan yakan haɗa su gwado, kuma su ne ba sa kwana a hannunsa.

Kai ne ka ƙi zama abin kallo, Baba Garga. Mutane sun zo su ga tsohon da ya rage, suka koma suna ciwon kafaɗa, sun san cewa sana'a suka taɓa.

Da Alhaji Babba ya rasu, babban ɗansa Najib ya dawo daga Duwala don rabon gado. Ba zan yi masa sharri ba, ƙanne ne rututu a wuyansa, kuma duk mai ido ya san lungun nan zai ɗauki jerin shaguna. Ya zo ya durƙusa ya gaida tsoho, ya faɗi abin da ya kawo shi, gini yake so ya yi a lungun. Ya ce kuma bai zo hannu sake ba, ya yi magana da patron, wato mai wani babban otel, za su ba Baba Garga kusurwa a falonsu, da sanyin na'ura da kujera mai laushi, ya riƙa saƙa baƙi na gani.

Baba Garga bai yi gardama ba, ya sa babbar rigarsa ya hau moto, babur ɗin haya, suka je. Salwa ta raka su, ita ta ba ni labarin. An nuna masa wata 'yar masaƙa da aka shafa wa man ƙyalli, zarenta bai fi tsawon tabarma ba, da malafa da wata riga da aka ce zai riƙa sawa. Ya shafa zaren ya tambaya, "In wannan ya ƙare fa?" Patron ya ce ai babu damuwa, da yamma ma'aikata za su warware, gobe ya sake farawa, tunda don kallo ne.

"To ku nemi wani," in ji Baba Garga. "Ni ban iya saƙa abin da za a warware ba."

A hanya Najib ya ce, "Baba, to yanzu ya kake so in yi?" Tsoho ya ce, "Gidanku ne, ɗana, ban hana ka ba. Amma ni da hannuna ba zan naɗe zaren nan in ba ka wuri ba. In kana so, ka sa a yanke."

Ba a jima ba motar bulo ta zo da safe ta juye a bakin lungu, daidai ƙofar shagona. Magina suka sauko da shebur da igiyar awo. Suka tarar tsoho ya riga ya shimfiɗa zarensa, fari tas, daga wannan kai zuwa wancan, yana saƙa ko kallonsu bai yi ba. Babban maginin, mutumin Marwa ne, ya ce wa Najib shi dai ba zai sa reza a zaren dattijo ba, in an kwashe ya kira shi. Ana cikin haka Salwa ta iso da baƙinta kamar yadda ta saba, suka cire takalma suka yi layi a jikin katanga. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, na kashe kekena na fito na tsaya, sauran teloli ma suka fito.

Sai ga Hajiya Dije, ƙanwar marigayi, wadda ta yi renon Najib. Ta fito daga gida da sandarta, da wani tsohon majanyi a kafaɗa da ya sha wanki har ya yi laushi kamar auduga. Ta zagaya zaren, ba ta tsallake ba, ta zo gaban Najib ta miƙa masa.

"Riƙe," ta ce. "Da wannan na goya ka, kana da nauyi kamar turmi, bai taɓa yagewa ba. A nan aka saƙa shi. Yayana ya ba mutumin nan wuri da bakinsa, ina tsaye. In maganar ubanka ta bi shi kabari, gaya mini in sani."

Najib ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana juya majanyin a hannu. Da ya ɗago, ya ce, "Gwaggo, na ji. Muddin ana saƙa a lungun nan, ba zan gina ba. Amma wallahi ranar da gari ya waye babu ruwan sama, ba Juma'a ba, na leƙo ban ga zare a shimfiɗe ba, ranar zan kira magina. Kada kowa ya ce na ci amana." Baba Garga ya ce, "Na yarda." Ya ci gaba da jefa ƙoshiyarsa.

Bulon nan har yau yana wurin, ya yi gansakuka, kaji na hawa. Najib bai sayar ba, bai kuma ce ya fasa ba.

Tun daga ranar, Baba Garga bai yi fashi ba. Na gan shi da zazzaɓi yana rawar ɗari a kan masaƙa. An yi rasuwar ƙaninsa a arewa, ya yi kuka a nan ya aika gaisuwa, bai je ba. Da yanar ido ta fara rufe masa gani, likita ya ce a yi aiki, ya yi ta ɗagawa, don ya san kwanciyar asibiti ita ce wayewar garin da Najib ya faɗa. Yana laluben zaren da ya tsinke da yatsa yana ƙullawa. Kai ne gagara-naɗewa, Baba, amma ni da nake kallonka tausayi ya fi yabo yawa a zuciyata.

Mafita ta fito daga cikin baƙin da ya tilasta wa zama. Karimatu, wata bazawara daga unguwar Etoudi mai sayar da kunun gyaɗa, ta biyo wata ƙungiyar mata da Salwa ta kawo yawo. Ta zauna kamar kowa, sai dai ita da aka ce ta tashi ta ce a bar ta ta ƙara. Mako na zagayowa ta dawo ita kaɗai. Haka ta yi ta zuwa, ta sayar da kununta da sassafe ta hau moto ta zo. Nan fa surutu ya tashi a majalisar masu shayi, wai ina aka taɓa ganin mace a masaƙar maza, saƙar mata daban take, a cikin gida. Wani dattijo ya tako har lungu ya faɗa masa haka.

Baba Garga ya ce, "Gaskiyarka, Malam. Tun da na zo unguwar nan nake roƙon a ba ni namiji ya koya. Kana da 'ya'ya maza, turo mini ɗaya gobe, sai in sallame ta." Har yau ba a turo ba.

Da hannun Karimatu ya faɗa, sai ya yarda aka yi masa aikin ido. Duk kwanakin da ya yi a kwance, ita ta share lungun, ta shimfiɗa zare, ta karɓi baƙin Salwa da dokokin nan uku ba ragi. Najib ya leƙo da safe, ya ga zare, ya gaishe ta ya wuce. Yanzu Baba Garga ya dawo, ido ɗaya ya buɗe, ɗayan sai a hankali. Ya ce ya bar mata wurin zama. Yakan zauna a kan benci a gefe yana naɗa mata zare, in ta yi sako-sako da dukan zare ya yi gyaran murya.

Mun gode, Baba Garga. Mun gode da ka ƙi sanyin otel ka zaɓi jar ƙasa da warin kwata. Mun gode da ka nuna mana cewa mutum yana iya cewa a'a ba tare da ya zagi kowa ba. Allah ya ƙara hasken ido, ya ba ka ladan kowane goyo da majanyinka ya riƙe.

Ku kuma mutanen Brik, da na unguwannin Messa da Elig-Edzoa, masu cewa Allah sarki al'adarmu tana tafiya, ku daina faɗa daga kan benci. Baƙi suna tasowa daga wata duniya su cire takalmi su zauna, ku kuna wucewa a kan moto. Karimatu mutum ɗaya ce, tana da 'ya'ya, tana da uwa tsohuwa a Ngaundere, kuma bayan sallar nan dole ta je ta duba ta. Baba Garga ya ce zai koma ya zauna da ido ɗaya, mun hana shi. Ni na ce zan rufe shagona in riƙe ranar farko, na fara koyo, saƙata kuwa karkatacciya ce abin kunya, amma dai zare zai kwanta a ƙasa. Salwa ta ɗauki rana ta biyu. Sauran ranakun babu kowa tukuna, kuma Najib yana leƙowa kowace safiya.