Ankon da Bai Kai ga Abeke Ba

Duk wanda ya sayi zane a kasuwar Itoku ta Abekuta a zamanin Turawa ya san Subuola. Da yatsa biyu za ta murza yadi ta gaya maka ko zai zuba a wanki. Atamfar Japan ce ta ɗaga ta, don tana da araha, har mai tuyar garin rogo na iya ɗaurawa.

Da mahaifiyarsu ta rasu da tsufanta a 1934, dangi suka ɗora mata zaɓen ankon bikin sallamar tsohuwa. A wajensu anko ba kwalliya ba ce kawai. Wanda ya fito ran nan babu shi a jikinsa, to bare ne, ko kuwa dangi sun yafe shi. Ta zaɓi wata shuɗiya mai zanen ganye, 'yar Japan. Wadda ke hannu ba za ta ishi kowa da kowa ba, amma akawun kamfanin da take sarin kaya a wajensa ya rantse mata jirgi na tafe da ƙari.

Nan fa ta tafka wautar da ta bi ta har tsufa. Ta fara yanka wa surukai da dangin nesa, masu bakin tsiya, ta bar ƙanwarta Abeke, wadda ta shekara shida tana jinyar tsohuwar.

"Yaya, nawa fa?" in ji Abeke.

"Ke ta gida ce, ina za ki? Bari jirgi ya iso, sabon bandir zan ɓare miki."

Jirgi ya iso, ko ƙyalle bai sauke ba. Akawu ya ce, "Iya, daga Landan aka ƙayyade kayan Japan, wai masaƙunsu sun yi kuka. Rabon bana ya cika."

"Su ke ɗaurawa ko mu? Manyanmu na majalisar Ikko me suka ce?"

"Wa ya tambaye su?"

Ta je Badun, ta je Ikko, babu. Ta dawo da wata ta Ingila mai kama da ita, amma ko yaro ya gani ya san ba ita ba ce. Maganar gaskiya, nata zanen na nan cikin adaka, kuma ta yi tunanin miƙa shi. Sai ta tuna ita ce babbar 'ya, ita za ta shiga gaban makaɗa, ta rufe adakar.

Ran biki Abeke ta tsaya cikin dangi ita kaɗai daban. Wata baƙuwa ta miƙo mata kwano ta ce, "'Yar aiki, ƙaro miya." Abeke ta ƙaro, ta ajiye, ta wuce gidan mijinta. Ba ta sake taka ƙofar yayarta ba.

Subuola ta daɗe tana tsine wa Landan a rumfarta, amma ta san Landan ba ta riƙe mata hannu ba, kuma abin ya ci ta ƙwarai. Bayan shekara tara ta ninke nata zanen ankon ta aika wa Abeke. Washegari ya dawo yadda ta ninke shi, da saƙo ɗaya: "Ku ce wa Yaya, Iyarmu ba za ta sake mutuwa ba."