Dalilai Huɗu na Kawu Garba

Duk wanda ya zauna Bungudu a shekarun nan ya san Kawu Garba ba ya wuce rumbu bai ƙwanƙwasa shi ba. Sai ya ɗaga sandarsa, ƙwas-ƙwas, ya kara kunne kamar mai sauraron gulma. In ya ji cikin fayau ne, ya girgiza kai ya ce, "Haka ta fara a Faransi." Mu kuwa me za mu yi in ba dariya ba?

Yayan mahaifiyata ne. Fatauci ya kai shi Maraɗi lokacin babban yaƙin Turawa, Faransawa suka kama shi, suka sa masa kaki, suka haye teku da shi. Ya dawo da yatsu takwas, ya tarar an yi masa sadakar arba'in tuni, matarsa ta gama takaba ta yi aure a Kwatarkwashi, har da goyo. Bai yi rigima da kowa ba. Ya gina ɗaki ɗaya a bayan gidanmu, ya zauna daga shi sai labarinsa.

A asibitin soja can Faransi ya samo labarin. Wai gadonsa na kusa da na wani Bafaranshe malamin makaranta da aka yanke wa ƙafa, wanda ba mai zuwa duba shi. Wata uku mutumin nan yana ba Kawu tarihin yadda talakawan ƙasarsu suka tashi, suka tuɓe sarkinsu, har suka sare masa kai, rabi da Faransancin bariki, rabi da nunin hannu. Daga nan Kawu ya haƙiƙance dalili huɗu ne ke kada mulki. Burinsa a duniya bai wuce a samu mutum ɗaya ya ji huɗun a jere ba. Mu muke tsokano shi: "Kawu, ba mu na Faransi." Da ya gyara zama ya yi gyaran murya, sai mu sulale ɗaya bayan ɗaya. Ba zan ɓoye ba, ni ne ubangidan masu sulalewa.

Na farko kowa ya san shi, yunwa ce. Ran nan ya ƙwanƙwasa rumbun mai unguwarmu a gaban jama'a.

"Ranka ya daɗe, wanga rumbu iska ce cikinsa. Sarkin Faransi ma haka fadawa suka riƙa ce mishi lafiya lau, har mata suka tako daga birni zuwa ƙofar fadarsa suna neman gurasa."

Mai unguwa ya ce, "Garba, wa ke cin tuwo a zaurena tun kaka?"

"Ni ne."

"To jama'a, ga wanda zai kada mulkina."

Kawu bai fasa zuwa tuwon ba, ko kwana ɗaya.

Na biyu a kasuwar Tsafe na ji shi, ranar da ya raka ni sayar da auduga. Wani dogari na korar mutane daga hanya da bulala, Kawu ya sha gabansa.

"Samari, uwarka na da rai?"

"Tana nan. Ga ta can tana sayar da daddawa."

"In aka ce ka zane ta fa?"

Sai ya shiga yi masa bayani cewa sojan sarkin Faransi an ce su harbi taro, suka duba suka ga iyayensu da ƙannensu a ciki, suka koma ɓangaren taron da bindigoginsu. Wai duk ranar da baki ya ba da umarni hannu ya ƙi, mulki ya ƙare. Dogari ya saurara tsaf, sannan ya zuba masa bulala biyu masu kyau. Kawu ya dawo wurina yana sosa baya, ya ce, "A'a, Audu, wanga mulki da sauran kwanansa."

Na uku ya ce ba na talaka ba ne, sai kunnen Bature. Ya taka har ofishin Baturen mulki a Gusau, ni kuma Inna ta sa ni in bi shi kada ya jawo mana abin magana. Kwana uku muna zaune a gindin tsamiya kafin a kira shi. Ya ƙame kamar yana fareti, ya zayyana yadda a Faransi masu ƙasa da manyan malaman addininsu ba sa biyan haraji, kaya duka a bayan talaka, kamar ayarin da aka lafta wa jaki ɗaya kayan goma. Ya yi magana har gumi ya jiƙa masa riga. Tafinta ya juya ya faɗi kalma huɗu ko biyar. Bature ya tuntsire da dariya, ya sa aka ba Kawu gwangwanin kifi. Daga baya masinja ya gaya mana abin da tafinta ya ce: tsohon soja ne, wai Faransawa mahaukata ne.

"Na cika masaki da magana," in ji Kawu, "ya kai mishi a ludayi." Kifin kuwa shi kaɗai ya cinye a hanya, ko man bai ba ni na lasa ba.

Na huɗu ba wanda ya taɓa kaiwa gare shi. Daminar da ya kwanta ciwo, bayan azahar kowa na gona, na je aron fartanyarsa. Daga ƙofa na ji shi yana magana da Faransanci, yana tsayawa kamar mai jiran amsa. Na leƙa, ba kowa a ɗakin sai shi. Ina shiga ruwa ya kece. Don in kashe shirun na ce, "Kawu, ba mu na Faransi."

Ya daɗe yana kallona. "Za ka zauna?"

"Ruwa ya tsare ni."

"To, Allah ya yi wa ruwa albarka."

Ya jero ukun a hankali, yana hutawa. Sannan ya zo kan na huɗu, ya ce sarkin Faransi da kansa ya aika gari-gari, kowa ya rubuto abin da ke damunsa. Mutane suka ji daɗi, ƙauye-ƙauye aka zauna aka rubuta, aka zaɓi wakilai suka tafi fada. Da wakilan talakawa suka fara magana ta gaske, sai suka wayi gari an kulle musu ƙofar zauren.

"Yunwa ana haƙuri da ita, Audu. Haraji ma ana haƙuri. Amma ka ce wa mutum faɗi abin da ke ranka, ya buɗe baki, ka tashi ka ba shi baya, wannan ba ya mantuwa."

Rufin ɗaki yake kallo, ba ni ba. Kunya ta rufe ni, na ce, "Kawu, ai haka muka riƙa yi maka."

"Haka ne," ya ce. "Amma su Faransawa suna da yawa. Ni, ni kaɗai ne."

Bayan kwana tara ya rasu. Allah ya jiƙan Kawu Garba, ya yafe masa kurakuransa, ya ba shi abokan zama nagari a makwancinsa. Mu kuma Allah ya yafe mana abin da muka yi masa.