Malam Na'iya da Ruwan Shuka

Na'iya bai iya zama ba. Ko a kan tabarma yake, ƙafarsa ɗaya tana rawa, idonsa yana kan ƙofa. Mutanen ƙauyensu, wani ɗan gari a bakin gulbi kusa da Kebbe, da haka suka san shi tun yana ƙarami. Ya gama elementare a Tambuwal, ya shiga jimar fata ya bari saboda wari, ya bi masu jakuna zuwa Jega, ya tafi cin rani Kurmi, can ƙasar Kudu, yana dako a tasha, ya dawo ya riƙe ajin Yaƙi da Jahilci na ɗan lokaci. Ba rago ba ne. Abin da ya kama da ƙarfinsa yake yin sa, sai dai kafin hannu ya saba, hankali ya riga ya yi gaba.

Ubansa ya rasu ya bar masa gona biyu da tsohuwa guda. Gonar tudu ta gero ce, sai abin da sama ta ga dama. Fadamar kuwa ita ce gidan: shinkafa da damina, albasa da rake da rani. Uwarsa Atu tun tana amarya take kai abinci fadamar nan, ta san kowane kwari da kowane tudu nata.

Ana gab da samun mulkin kai magana ta cika kasuwanni cewa Jihar Arewa na neman malamai, ofisoshi za su koma hannun 'yan ƙasa, duk wanda ya riƙe takardar malanta ya gama da wahala. Na'iya ya ji ƙafarsa ta soma rawa. En'e, hukumar gargajiya, ba ta sa shi cikin waɗanda za ta tura makarantar horon malamai ba, an ce shekarunsa sun ɗan wuce. Aka ce in ya iya ɗaukar nauyin kansa, ci da kwana da littattafai, za a karɓe shi. Ba shi da sa, ba shi da raƙumi. Sai ya dubi fadama.

Attahiru, wani mai fataucin goro a Kebbe, shi ya karɓi jinginar. Sharaɗin jingina kowa ya san shi: mai kuɗi ya noma gonar, ya ci abin da ta bayar, har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa cif. Ba ta zama tasa ba, amma kuma daɗin baki ba ya dawo da ita.

"Inna, shekara biyu ce kawai," in ji Na'iya. "Albashin farko, hannun Attahiru za shi."

Atu ta ci gaba da tsince tsakuwa cikin shinkafa. "Kai da ba ka iya jiran tuwo shi huce, kai za ka zauna shekara biyu bisa benci?"

Ya zauna kuwa, abin da ya ba kowa mamaki. A Sakkwato yakan yi karatu a tsaye, yana kai da kawowa a bayan ɗakin kwana, har abokansa suka sa masa Mai Sintiri. Lissafi bai ba shi wuya ba, Ingilishi ya ja shi da ƙyar. Abin da ya rage a shekara ta biyu shi ne koyarwar gwaji: a kai ka wata elementare a cikin gari, ka tsaya gaban yara, mai jarrabawa daga Kaduna ya zauna a baya yana kallonka. An sa ta a farkon damina.

Ana cikin makon ne ya leƙa tasha, kamar yadda ya saba, ya ci karo da Jumare direba, mai bin hanyar Jega.

"Ɗan makaranta, kana nan kana cin tuwon gwamnati? Ƙasarku an sha ruwa, har shina kwance ga hanya. Kowa ya fita da sungumi."

Na'iya ya tsaya cik. Ruwan shuka ba ya jiran kowa, in laima ta janye an yi asarar farkon damina. Tunda fadama ta tafi, gonar tudu ce kaɗai abincin gidan. A gida kuwa daga tsohuwa sai matarsa Ni'imatu da tsohon ciki, maƙwabta kuma sai sun gama nasu kafin su waiwayi na wani. A ƙauyensu in ruwan shuka ya sauka kasuwa ba ta ci, ɗaurin aure ma ɗaga shi ake yi, babu mai neman izinin kowa. Bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai wurin da wannan ba uzuri ba ne. Ya ce wa wani abokin ɗakinsa ya faɗa wa malamai an yi ruwa a gida, ya haye bayan motar Jumare a kan buhunan gishiri.

Daga Tambuwal ya taka da ƙafa. Da ya isa ya kama sara da sungumi, Atu tana binsa tana zuba iri tana rufewa da diddige, suka gama gonar ƙasa tana da sauran sanyi. Da ya juyo sai ya tarar ruwa ya cinye hanya a wani kwari, motoci sun yi layi. Ranar da ya isa makaranta, mai jarrabawa ya riga ya koma Kaduna. Aka ce masa ya faɗi.

Bai yi kuka ba, bai roƙi kowa ba. Ya miƙe sai ofishin ma'ajin makaranta, wani mai tumbi da ake kira Malam Ɗanmaliki.

"Na zo karɓar kuɗina."

"Waɗanne kuɗi?"

"Waɗanda na biya. Na biya don a ba ni takardar malanta, ba a ba ni ba. In ka kai wa tela yadi da kuɗi bai ba ka riga ba, ai mayar maka shi ka yi."

Ɗanmaliki ya kwashe da dariya har hularsa ta karkace. "Tela ya yanka, ya ɗinka, ranar gwada riga kai ka gudu da wuyanka. Tuwon shekara biyu fa? Masu dafuwa duk sun san ka, Mai Sintiri, kullum kai ne mai neman ƙari. Shi ma amayo mana shi za ka yi?"

"Tuwo ba shi na zo saye ba. Tuwo akwai shi gidanmu."

"To koma gidanku ka ci."

Daminar nan duka a hanya ya yi ta. Ya yi noman farko, ya tafi Tambuwal wurin magatakardan hakimi, aka ce wannan maganar ofishin ilmi ce. Ya je ofishin ilmi na En'e, aka ce ba su suka tura shi ba, ba ruwansu. Ya koma ya yi maimai, ya sake hawa mota. Kowa ya ba shi wurin zama, kowa ya ce Allah ya sawwaƙe, babu wanda ya buɗe aljihu. Duk dawowar da zai yi kuma sai ya bi ta gefen fadama, ya ga 'yan ƙodagon Attahiru a duƙe cikin shinkafar da ta yi kore shar. Wata rana ya hango Atu a cikinsu. Gero ya ƙare a rumbu kafin sabo ya nuna, ta je tana cirar ciyawa ana biyanta, a gonar mijinta. Ba ta gan shi ba. Washegari tun da asuba ya kama hanyar Sakkwato, ya zauna a ƙofar shugaban makaranta ya ce ba zai tashi ba.

Shugaban, Malam Abdu, bai daɗe da karɓar kujerar daga hannun Bature ba. Ya saurare shi har ƙarshe, yana kallon ƙafar da ke rawa.

"Geron ya fito?"

"Ya fito, ranka shi daɗe. Ya yi kyau."

"Madalla. Kuɗi dai babu, ko kwabo. An koya maka, ka ci, ka kwana, makaranta ba ta rage ka da komai ba. Wanda ya faɗi da wanda ya ci duk kuɗinsu guda, ba takarda muke sayarwa ba. Abin da zan iya shi ne wannan: baɗi ka dawo ka yi koyarwar gwaji kaɗai, ba sai ka biya komai ba."

"Yaushe?"

"Farkon damina."

"Ranka shi daɗe, a mayar da ita kaka mana."

"Kaduna ke sa rana, ba ni ba. Su kuma ba su da gona a Kebbe."

Na'iya ya fito ba kuɗi, sai rana. Da rani ya yi dako a kasuwar Dogon Daji don a samu na cefane, Ni'imatu tana goyon ɗiya mace tana saƙar faifai. Da zafi ya tsananta, gajimare ya fara taruwa yana watsewa, sai ya ce zai yi binne: ya zuba iri a busasshiyar ƙasa tun kafin ruwa, ya tafi abinsa, in ruwa ya zo ya tarar da iri a ƙasa. Manoma na yin haka, amma caca ce. In ruwan farko ya yi yawa an ci riba. In yayyafi ne, iri ya tsiro, rana ta ƙone shi.

"Wanga iri shi kenan gare mu," in ji Atu. "Wanda munka ɓoye ga tulu, babu wani bayansa."

"Inna, in ban tafi ba fadama ta zauna hannun Attahiru har ki mutu."

"In ka tafi kuma anka yi yayyafi, mi za mu ci kafin in mutun?"

Ni'imatu ta ce daga bakin murhu, "Ku bar shi shi tafi, Inna. In ya zauna ma ramin da zai haƙa da ƙafa tsakar gida ya ishe mu aiki."

Ya binne gonar duka, ya tafi.

Ranar gwajin aka ba shi aji biyu, darasin lissafi. Mai jarrabawa ya zauna a baya da alƙalami. Na'iya ya rubuta a allo, ya juyo zai yi tambaya, sai ya ji taf, taf, a kan kwanon rufi. Ya san irin wannan ruwa tun kafin ya dubi taga: hadari ya taso daga gabas ya miƙa kudu, iska ta fi ruwan yawa, ƙasa za ta jiƙa iyakar tsawon yatsa. Irin wanda ke tayar da iri ya bar shi. Alli ya karye a hannunsa. Ƙofa a buɗe take, tasha ba nisa, in ya isa gida da wuri wataƙila ya roƙi iri wurin dangi kafin kowa ya zuba nasa. Ya yi taku biyu wajen ƙofar. Yara suka bi shi da ido. Sai ya tura ƙyauren ya rufe, ya dawo ya ɗauki guntun allin, ya ƙarasa darasin yana kai da kawowa tsakanin bencina, da murya sama da ƙarar kwano. Daga baya aka ce mai jarrabawa ya yaba da yadda yake zagaya aji.

Ya ci. Binnen kuwa ya ƙone ƙurmus. Ya tarar da gonar ta yi layi-layi na busassun tsirai kamar gashin tsoho. Irin da ya samu daga baya na roƙo ne, ya shiga ƙasa a makare, bai cika rabin rumbu ba.

Aka tura shi koyarwa a Jabo. Albashin farko da ya yi wa Atu alkawari, hatsi ya saya da shi, na biyu da na uku ma haka. Sai da damina ta zagayo sau da dama kafin ya haɗa kuɗin Attahiru, yana cin rogo, yana tafiya gida da ƙafa don kada ya biya mota. Bai zama hedimasta ba har ya bar aiki, saboda duk shekara in ruwan shuka ya sauka yakan sallami ajinsa ya ce kowa ya bi ubansa gona, a rubuto masa gargaɗi, baɗi ya sake. Kuma har ya tsufa, in aka taɓo zancen makarantar nan sai ya ce suna riƙe da haƙƙinsa na shekara guda.

Attahiru bai yi gardama ba, ya karɓi kuɗinsa gaban shaidu ya ce a jira ya kwashe albasarsa. Lokacin Atu ƙafa ta ƙi, ido ya yi hazo. Na'iya ya aro jaki ya ɗora ta, ya ja har bakin fadama, ya sauke ta a kan kunya. Ta damƙi ƙasa ta murza, ta kai hanci.

"Sun bar ta ba taki," ta ce. "Mi kake tsaye kana yi? Tafi ka nemo toka."

Ya tafi.